Cututtukan fata a kifin ado na ruwan teku: tambayoyi da amsoshi ga masu kiwo a Katsina

Masu ajiye kifin ado na ruwan teku a Katsina ba mu da yawa, kuma kusan dukkanmu ta hanya ɗaya muka shigo, wato mun fara da kifin ruwan daɗi ko da kiwon tarwada a bayan gida, sannan sha'awar launukan kifin teku ta ja mu. Ilimin da muka taho da shi daga can yana da amfani, amma a fagen cutar fata yakan zama sanadin asara, domin abin da ke ceton tarwada ba ya yi wa kifin teku komai. Ga kuma nisa, teku tana fiye da kilomita 1,000 daga nan ta hanyar mota, kifi sai ya biyo ta Legas, wani lokaci a sauke shi a Kano a ƙaraso da shi a mota, kuma yawancin magungunansa ba a samun su a kemis ɗin unguwa. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, na ga fararen ɗigo a jikin kifina. Wane magani zan zuba?

Kada ka zuba komai tukuna. Akwai cututtuka aƙalla huɗu da ke fara nuna kansu da fari-fari a fata, kuma maganin wata ba lallai ne ya yi aiki a kan wata ba. Ka kashe fitilar ɗaki, ka ɗauki tocila ka haska kifin daga gefe, ba daga gaba ba, sannan ka duba abu uku. Na farko, shin ɗigon manya ne da za ka iya ƙirgawa, ko kuwa ƙura ce da ta lulluɓe jikin? Na biyu, yaya numfashinsa yake, wato saurin buɗewa da rufewar kunnuwansa da ke bayan kai, inda yake shaƙar iska daga ruwa? Na uku, yana cin abinci ko ya daina? Bayan haka ka auna ruwan: gishiri ya kasance wajen giram 35 a kowace lita, wanda ma'aunin gishiri ke nunawa da 1.025 ko 1.026, zafi tsakanin digiri 24 da 27, ammoniya kuwa, wato dafin da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ta zama sifili. Sau da yawa mai kifi yana neman sunan cuta, alhali ruwansa ne ya ɓaci.

Yaya zan bambance cutar fararen ɗigo da cutar ƙura?

Cutar fararen ɗigo wani ƙwaro ne mai suna Cryptocaryon irritans ke kawo ta. Ɗigonta kamar an barbaɗa wa kifin gishiri ne, kowane a ware, ana ganinsu sosai a fikafikai da wutsiya, kuma kifin yakan goga jikinsa a dutse amma ya ci gaba da cin abinci na kwanaki. Tana kisa, amma tana ba ka lokaci.

Cutar ƙura kuwa, wadda Amyloodinium ocellatum ke kawowa, ba ta ba da lokaci. Ɗigonta sun yi ƙanƙanta ƙwarai har ba su ƙirguwa, sai dai ka ga jikin kifin ya dushe kamar gilashin motar da ta kwana a waje cikin hazon hunturu, wani lokaci da ɗan launin ruwan zinariya idan haske ya bugi gefensa. Ta fi kama kunnuwan numfashi kafin ta bayyana a fata, shi ya sa alamunta na farko a ɗabi'a suke: kifi yana haki, yana zuwa ya tsaya a gaban famfon da ke turo ruwa, yana gudun haske, ya ƙi abinci. Daga lokacin da ka ga ƙurar da idonka, kifin zai iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka ni idan na ga haki mai tsanani tare da ƙin abinci, ko da fata ba ta nuna komai ba, cutar ƙura nake fara zargi, kuma a ranar nake fara aiki.

Ɗigon sun ɓace da kansu bayan kwana huɗu. Shin kifin ya warke ke nan?

Bai warke ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi cin kifi a hannun mutane. Ƙwaron Cryptocaryon yana zama a ƙarƙashin fatar kifi yana ci na kwana 3 zuwa 7, sannan ya saki jikin ya faɗa ƙasa, ya manne a yashi ko dutse ko gilashi, ya rufe kansa da kwanso mai tauri. A cikin kwanson nan yake rarrabuwa ya zama ɗaruruwa. Yawanci kwanson yana fashewa tsakanin kwana 3 da 28, amma an taɓa samun wanda ya kai kwana 72 kafin ya fashe. 'Ya'yan da suka fito suna iyo suna neman kifi, kuma idan ba su samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu sai su mutu. Ke nan ranar da ka ga kifinka ya yi fes ita ce ranar da cutar ta koma ƙasa tana hayayyafa.

Ni ma na faɗa wannan ramin. Wata bazara na karɓi wani shuɗin kifin teku da ake kira tang daga hannun wani ɗan kasuwa da ya tabbatar mini cewa ya riga ya killace shi, na sa shi kai tsaye cikin babban tankina. A kwana na uku na ƙirga ɗigo bakwai a fiffikensa na hagu, a kwana na shida babu ko ɗaya, na yi hamdala na bar maganar. Bayan kwana tara, da na dawo daga sallar asuba na haska tankin, sai na tarar da kifaye biyar duk sun yi fari, shi kuma tang ɗin yana kwance a jikin dutse, idanunsa sun yi hazo, kunnuwansa na bugawa da sauri. Uku suka mutu a makon. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da na san yadda ƙwaron ke rayuwa, kwana taran nan sun ishe ni in cece su duka.

Wannan zagayen ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa magani ke ɗaukar makonni. Magani ba ya ratsa fata ya kai ga ƙwaron da ke ciki, ba ya kuma ratsa kwanso. 'Ya'yan da ke iyo kaɗai yake kashewa, don haka dole ya kasance a cikin ruwa da cikakken ƙarfinsa a duk lokacin da wani kwanso ya fashe.

A kiwon tarwada muna zuba gishiri da ruwan shuwaka. Me zai hana in ƙara gishiri ko in ɗaga zafin ruwa?

Gishiri yana aiki a kan cutar ɗigo ta ruwan daɗi ne saboda ƙwaronta, Ichthyophthirius multifiliis, bai saba da gishiri ba. Ƙwaron teku a cikin gishiri aka haife shi, ƙari ba ya cutar da shi, kifin kawai zai wahalar. Ɗaga zafi ma ba ya kashe shi, sai dai ya hanzarta hayayyafarsa ya kuma rage iskar da ke cikin ruwa, alhali kifin yana fama da numfashi. Shuwaka da ganyen darbejiya ba su da wurin zama a tankin ruwan teku, ruɓewa za su yi su ɓata ruwan. Tafarnuwa da ake cuɗawa a abinci tana iya jawo sha'awar kifin da ya ƙi ci, amma ba magani ba ce. Kuma gishirin girki ko na kantu ba ya yin ruwan teku, sai gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki, irin Instant Ocean ko Red Sea, wanda ke ɗauke da sauran ma'adinan da ruwan teku ya ƙunsa.

To mene ne maganin da ke aiki, kuma yaya ake ba da shi?

Ga fararen ɗigo da cutar ƙura duka, maganin jan ƙarfe shi ne abin dogaro. Amma dafi ne da aka auna, tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe ƙwaro da wanda ke kashe kifi ƙarama ce, saboda haka wanda ba shi da abin gwajin jan ƙarfe a ruwa kada ya fara. Adadin ya danganta da irin maganin: Cupramine ana riƙe shi a miligiram 0.5 a kowace lita, Copper Power da Coppersafe kuwa tsakanin 2.0 da 2.5, kuma wajibi ne abin gwajinka ya dace da irin da ka saya. Idan ɗigo ne, sai a ɗaga adadin a hankali cikin kwana uku ko huɗu don kifin ya saba, idan kuwa ƙura ce ba a jira haka, a kai shi cikakke cikin yini ɗaya. Daga nan a riƙe shi kwana 30 ba tare da ya sauka ba, a riƙa aunawa kullum. Idan ya sauka ƙasa da adadin ko na yini ɗaya ne, lissafin kwanaki ya koma farko. Duk ruwan da za ka canza, ka zuba masa nasa maganin kafin ya shiga tankin.

Ba a taɓa zuba jan ƙarfe a babban tanki. Yana kashe murjani da jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi, sannan dutse da yashin teku suna tsotse shi, su hana ka riƙe adadin da kake so, daga baya kuma su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Ana yin jinya ne a tanki na daban, mara yashi mara dutse, da gutsattsarin bututun roba don kifin ya sami maɓoya, da soson tace ruwa da famfon iska. A cire gawayin tace ruwa, domin yana ɗauke magani. Kuma kada a haɗa Cupramine da ruwan maganin da ake zubawa don ɗaure ammoniya ko kashe kulorin, saboda haɗuwarsu tana mayar da jan ƙarfen ya zama mai tsananin dafi.

Idan babu maganin jan ƙarfe a hannu, ko kifin ba ya jure shi fa?

Ga fararen ɗigo akwai hanya biyu da ba su bukatar magani. Ta farko ita ce sauyin tanki: kana da ƙananan tankuna biyu, kana mayar da kifin daga wannan zuwa wancan duk bayan sa'a 72 ba tare da ka wuce ba, har sau huɗu, kana wanke wanda ya bari ka shanya shi ya bushe ƙayau da duk kayansa. Hikimar ita ce ƙwaron da ya faɗo ba ya samun lokacin fashewa kafin kifin ya bar wurin. A nan Katsina wannan hanya tana da sauƙi ta fuska ɗaya, domin ranarmu tana busar da tanki sosai, sai dai tana cin gishiri. Ta biyu ita ce rage gishirin ruwa zuwa 1.009 cikin kwana biyu, a riƙe shi haka kwana 30, sannan a mayar da shi a hankali cikin mako guda ko fiye. Tana bukatar ma'auni mai kyau da aka daidaita, kuma a wurinmu da ruwa ke ƙafewa da sauri gishirin yakan hau ba ka sani ba, aikin ya rushe. Rage gishiri ba ya maganin cutar ƙura.

Akwai kuma kulorokwin, wanda duk mun sani a matsayin tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. Garinsa tsantsa yana aiki a kan ɗigo da ƙura a miligiram 10 a kowace lita, amma shuɗin tang da wasu kifaye ba su jure shi, haske yana lalata shi, kuma babu abin gwajinsa a gida. Ba na ba da shawarar a daka ƙwayoyin kemis a zuba, domin akwai wasu abubuwa da ake haɗa ƙwayar da su, kuma lissafin ainihin maganin da ke ciki yana rikita mutane.

An ce a tsoma kifin teku a ruwan daɗi. Ba zai mutu ba?

Ba zai mutu ba idan an yi shi daidai. Ka tanadi ruwan daɗi mara kulorin, zafinsa daidai da na tanki, ka ɗaga pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, zuwa wajen 8.2 da ɗan garin bekin soda, ka sa masa iska, sannan ka tsoma kifin na minti 5 kana tsaye a kansa. Zai iya kwantawa a gefe da farko, ka taɓa shi a hankali, idan ya motsa a ci gaba, idan ya sandare a cire shi. Tsomawar tana karkaɗe ƙwayoyin cutar ƙura daga kunnuwa ta ba kifin numfashi kafin jan ƙarfe ya kama aiki, amma ba ta warkarwa, kuma ba ta taɓa fararen ɗigo da ke ƙarƙashin fata. Babban amfaninta shi ne gano tsutsa. Ka yi ta a cikin baƙar roba, bayan minti uku ko huɗu idan akwai tsutsar Neobenedenia za ka ga abubuwa farare masu kama da ƙwayar riɗi suna saki daga jikin kifin suna taruwa a ƙasa. A jikin kifi ba a ganinsu, domin garai suke kamar ruwa.

Idan tsutsar ce, me zan ba shi?

Firazikwantel, maganin nan da ake ba yara saboda tsargiya. Ana sa miligiram 2.5 a kowace lita, a maimaita bayan kamar mako guda, domin ba ya kashe ƙwan tsutsar, sai an jira sun ƙyanƙyashe. A ƙara iska sosai a kwanakin. Shi ne kuma maganin baƙaƙen ɗigo ƙanana da ake gani a jikin tang mai ruwan ɗorawa, waɗanda wata ƙaramar tsutsa ce ke haddasa su.

Malam, ƙaramin kifina mai ruwan lemo da fararen zane yana fitar da farin yauƙi kamar fatarsa na saɓulewa. Ɗigo ne?

Hajiya, wannan ya fi kama da Brooklynella hostilis, wadda ta fi addabar irin wannan kifin da 'yan kasuwa ke kira kilawun, musamman wanda aka kamo daga teku. Ba ɗigo take yi ba, yauƙi ne mai kauri da ke farawa daga kai da baya yana zarewa kamar koko, ga haki, kuma tana kisa cikin kwanaki kaɗan. Jan ƙarfe ba abin dogaro ba ne a kanta. Maganinta wankan fomalin ne mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari, a wani bokiti daban mai iska sosai, na minti 45, sannan a mayar da kifin tanki mai tsabta, a maimaita bayan kwana biyu ko uku har yauƙin ya daina. A zafin garinmu kada ki wuce mililita 0.15 a kowace lita, domin fomalin yana cinye iskar ruwa kuma dafinsa yana ƙaruwa da zafi. Ki sa safar hannu, ki yi aikin a tsakar gida ba a ɗaki ba, ki nisanta kwalbar daga yara, kuma kada ki yi wa kifin da ke da buɗaɗɗen rauni. Idan kika ga farin gari ya kwanta a gindin kwalbar, ta lalace, kada ki yi amfani da ita. Inda babu fomalin, tsomawa a ruwan daɗi da maganin metironidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, suna taimakawa.

Akwai jan miki a gefen kifin, gefen wutsiyarsa kuma yana cinyewa. Wannan fa?

Yawanci ƙwayoyin bakteriya ne, irin su Vibrio, kuma ba kasafai suke zuwa su kaɗai ba, sai sun sami ƙofa: cizon wani kifi, gogar raga, raunin da tsutsa ta bari, ko ƙunar ammoniya. A ware kifin, a gyara ruwa, a ba da maganin bakteriya irin kanamaisin a tankin jinya har kwanakinsa su cika, bisa shawarar likitan dabbobi. Amma idan jan mikin ya bayyana a ƙananan kifayen kuromis koraye jim kaɗan bayan sun iso, a yi zargin Uronema marinum. Wannan ƙwaron yana shiga har cikin tsoka, yana kuma iya rayuwa a tanki ba tare da kifi ba, kuma wanda mikinsa ya riga ya buɗe da wuya ya tashi. Sauran da ba su nuna ba su ake ƙoƙarin ceta.

Wani farin ƙullutu ya fito a bakin fiffike kamar ɗan curin dambu, kifin kuma lafiyarsa lau.

Wannan Lymphocystis ne, bairos ke kawo shi, ba shi da magani kuma ba ya bukata. Da ruwa mai kyau da abinci mai kyau yakan faɗi da kansa cikin makonni ko watanni.

Fatar fuskar tang ɗina tana zaizayewa, ramuka suna bin layin gefen jikinsa.

Wannan ba ƙwaro ba ne, kuma ba ya yaɗuwa. An danganta shi da ƙurar gawayin tace ruwa mara inganci, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da daɗewa a cikin jan ƙarfe. Ka cire gawayin, ka ba shi busasshen ganyen teku kullum tunda asalinsa mai kiwon ciyawa ne, ka riƙa canza ruwa. Ramukan da ba su yi zurfi ba sukan cike, tsofaffin kuwa tabonsu yakan zauna.

Na kwashe marasa lafiya zuwa tankin jinya. Waɗanda ba su nuna alama ba su zauna?

A'a, duk wani kifi sai ya fita, domin wanda ya ga kamar lafiyarsa ƙalau yana iya ɗauke da ƙwaron a kunnuwansa, ya ci gaba da ciyar da zagayen. Babban tanki zai zauna babu kifi ko ɗaya kwana 76 idan ɗigo ne, mako 6 idan ƙura ce ko Brooklynella. Murjani da jatan lande da dodon koɗi za su iya zama, cutar ba ta rayuwa a jikinsu. Kada raga ko bokiti ko tiyo ko jiƙaƙƙen hannu ya tashi daga wannan tanki zuwa wancan. Na san kwana 76 suna da yawa ga mai kallon tanki wayam a falonsa, ga baƙi suna tambaya ina kifayen, amma wanda ya mayar da su a kwana na 40 yana iya komawa gidan jiya.

Yaya zan yi da zafin bazara da ɗaukewar wuta ana tsakiyar jinya?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, kuma ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, ga ammoniya ta fi dafi a cikinsa, ga kifin da kunnuwansa suka riga suka ji rauni. Abin da ba ya tsayawa ko na sa'a ɗaya shi ne famfon iska, don haka ka haɗa shi da inbata ko sola, ka kuma ajiye wani mai batir a kusa. Ka sa tankin jinya a ɗakin da ya fi sanyi, ka ɗora fanka tana kaɗa saman ruwan, idan zafin ya ƙi sauka ka jefa gorar ƙanƙara a rufe, ba ƙanƙarar tsirara ba, ka kuma kula kada zafin ya riƙa hawa da sauka fiye da digiri ɗaya ko biyu a yini. Fanka tana ƙafar da ruwa, gishiri da magani kuwa ba su ƙafewa, sai dai su ƙara kauri. Ka yi alama a jikin gilashin, kullum ka cika zuwa alamar da ruwan daɗi tatacce. A hunturu kuma matsalar juyawa take yi, daren Disamba da Janairu yana sanyaya ƙaramin tanki ƙwarai, sai an sa hita.

Shin mutum zai iya ɗaukar cutar daga kifin?

Ɗigo da ƙura da tsutsar fata ba su kama mutum. Abin lura shi ne bakteriyar Mycobacterium marinum da wasu nau'o'in Vibrio, waɗanda ke shiga ta yanka ko ƙujewa a hannu. Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi a tanki sai da safar roba, musamman mai ciwon sukari. Idan wani ƙurji ya fito a yatsa ko bayan hannu ya ƙi warkewa makonni, ka je asibiti ka faɗa wa likita cewa kana kiwon kifi, domin in ba ka faɗa ba da wuya tunaninsa ya kai can.

Me zan tanada kafin sabon kifi ya iso, kuma yaushe zan nemi likita?

Kafin ka biya kuɗin kifi, ka tabbata kana da tankin killacewa na lita 60 zuwa 80 wanda soson tace ruwansa ya riga ya yi makonni a cikin ruwa mai rai, wato mai bakteriyar da ke cinye ammoniya, da maganin jan ƙarfe da abin gwajinsa, da firazikwantel, da abin gwajin ammoniya, da gishirin da zai ishe ka canjin ruwa na wata guda. Dalili shi ne saƙo daga Legas yana ɗaukar kwanaki, cutar ƙura kuwa ba ta kai haka. Kowane sabon kifi ya yi aƙalla kwana 30 a killace, komai rantsuwar mai sayarwa, ka kuma tambaye shi yawan gishirin ruwan da ya ɗauro shi a ciki, domin 'yan kasuwa da dama suna ajiye kifi a gishiri mai rauni, kuma ɗaga shi farat ɗaya yana jigata kifin da ya sha doguwar tafiya.

Idan alamun sun cakuɗe, ko kifaye suna mutuwa ba ka ga komai a fatarsu ba, abin da ke raba gardama shi ne a kankaro ɗan yauƙin fata ko na kunne a duba a madubin likita, inda kowane ƙwaro ke da siffarsa da irin motsinsa. Likitan dabbobi da ke da madubin zai iya yi, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi ga wanda zai iya kaiwa can. Kifi mai rai da ke cikin ciwon ake kaiwa, a cikin ruwan tankinsa da iska, domin ƙwayoyin suna barin gawa jim kaɗan bayan mutuwa, kuma wanda aka sa a firiza ya daskare ba a ganin komai a jikinsa.